Wake da yaji a tukunyar Zamfara: yadda ake dafa su da inda kayan haɗinsu suka fito

A garuruwan Gusau da Tsafe da Bungudu, kamar sauran ƙasar Hausa, tuwo ne abincin dare, koko ko fura kuma su riƙe safiya. Tsakar rana kuwa ta wake ce a gidaje da yawa, ko dai a dafa shi da shinkafa a ci da mai da yaji, ko a yi fatensa, ko a niƙa shi a yi ɗanwake. Shi ne naman wanda bai da kuɗin nama, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, fiye da ninki biyu na abin da ake samu a gero ko dawa. Amma wake shi kaɗai lami ne. Abin da ke raba tukunyar wannan gida da ta wancan shi ne yajin da aka daka a turmin gidan da man da aka soya, kuma a nan ne ake gane hannun mai girki.

Ƙasar da waken ke fitowa

Garuruwan uku suna kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa zuwa Sakkwato. Matafiyi yakan fara isa Tsafe, sannan Gusau, wadda ta zama babban birnin jiha tun da aka ƙirƙiro Zamfara a ranar 1 ga Oktoban 1996, sannan ya wuce Bungudu. Kogin Sakkwato ya ratsa Gusau da Bungudu, kuma fadamunsa ne ke ba da tumatir da albasa da tarugu da rani. Gonakin tudu kuma na gero ne da dawa da gyaɗa da auduga da wake. Yankin yana da tsohuwar alaƙa da ƙasar Katsina, abin da ya sa har yau ake kiran sarkin Gusau da Sarkin Katsinan Gusau, kuma Hausar wurin ta ɗebo daga Katsinanci da Zamfarci. Shi ya sa baƙon da ya shiga kasuwa neman barkono zai ji ana cewa tonka, ƙuli-ƙuli ya koma ƙarago, yakuwa ta zama sure, kwaɗo kuma datu.

Ba a cika ware wa wake gona tasa shi kaɗai ba a noman gargajiya. Ana jira gero ya tashi, sai a bi tsakanin kunyoyi a shuka wake wajen watan Yuli zuwa Agusta. Idan aka girbe gero sai waken ya samu rana ya yaɗu, ya yi fure da ragowar damshin ƙasa da raɓar ƙarshen damina, a fara roronsa daga Oktoba zuwa Nuwamba. Manomi na samun riba uku a wannan tsari. Akwai ƙwayar, akwai harawa wadda ake ɗaurewa a ɗora kan rufin ɗaki ko reshen bishiya don kiwon tumaki da awaki da rani, sannan saiwar wake tana da wasu ƙananan ƙulli da ke jawo sinadarin taki daga iska su bar shi a ƙasa, don haka geron baɗi yakan fi kyau a inda wake ya kwana.

Wannan wake ɗan asalin Afirka ne. Masu binciken kayan tarihi sun tono ƙwayoyinsa a tsakiyar ƙasar Ghana waɗanda suka haura shekara 3,500, kuma a yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, Jamhuriyar Nijar na biye da ita. Duk da haka abin da ƙasar ke nomawa ba ya isar ta, sai an ƙaro daga Nijar.

A kasuwa ana fara raba shi ne da launi, fari da ja, sannan da girman ƙwaya. Mutanen Arewa sun fi son fari, jan kuma ya fi tafiya Kudu. Kanannado babba ne, fari, mai jinkirin nuna a gona, mai daɗin fate. Ɗan ila ƙanana ne, kuma akwai aloka da ke shigowa daga Nijar. Masu ƙosai da alale sun fi neman wanda ɓawonsa ke saurin fita idan aka surfa, wanda kuma ƙullunsa ke tashi idan aka buga. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da irin zamani da dama, cikinsu har da SAMPEA 20-T wanda aka yi wa rajista a Disamban 2019, mai jure tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, ta yadda manomi zai rage yawan feshi. An yi ta muhawara a kansa saboda an sauya masa ƙwayar halitta, kuma muhawarar ba ta mutu ba.

Dahuwa

Wake da shinkafa, wanda Kanawa suka laƙaba wa garau-garau, shi ne mafi sauƙin bayani kuma mafi saurin tona asirin wadda ba ta iya ba. Ana fara tsince waken a faranti ko faifai, a cire tsakuwa da ƙwayar da ƙwaro ya huda da wadda ta ruɓe, domin ba banza Bahaushe ya ce wake ɗaya ke ɓata gari ba. A wanke shi sau biyu ko uku, a zuba a ruwan da ya riga ya tafasa. Ma'aunin da aka fi bi shi ne gwangwani ɗaya na wake ga gwangwani biyu na shinkafa, ko da yake gidan da wake ya yi wa araha yakan kai su kai ɗaya. Asirin duka yana ga lokacin zuba shinkafa. Idan aka yi gaggawa, shinkafa za ta caɓe wake yana nan da gardi. Idan aka makara, waken ya farfashe ya zama fate. Alamar da ake bi ita ce a ɗauko ƙwaya a matsa tsakanin yatsu: idan ta ba da kai amma cikinta da sauran ƙarfi, lokaci ya yi. Sabon wake na kaka yakan kai wannan matsayi cikin rabin awa, wanda ya shekara a buhu kuwa sai ya ci awa guda ko fiye. Bayan an zuba shinkafa da gishiri, ruwan ya ɗan ɗara kan abincin kaɗan, a rufe, idan ya tsotse a janye itace a bar shi ya turara a kan garwashi.

Saboda tsadar itace da gawayi da gas, kusan kowace mai girki tana jefa ɗan guntun kanwa don waken ya yi saurin laushi, wasu kuma a ƙauyuka suna amfani da ruwan toka da aka tace. Kanwa na aikinta, tana narkar da abin da ya riƙe ɓawon wake da cikinsa, tana kuma ba abincin wannan launi ja-ja da mutane suka saba gani. Sai dai tana da farashi. Yawanta na kashe wani kaso na sinadarin bitamin B da ke cikin wake, tana sa ɗaci-ɗaci a harshe, kuma gishiri ce a wani fanni, don haka mai hawan jini ba ya son ta da yawa. Gutsuren da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba ya ishi tukunyar gida. Wadda ta jiƙa wakenta tun dare ta zubar da ruwan jiƙon da safe ba ta ma buƙatarta, kuma ta rage kumburin cikin da ake zargin wake da shi. Kumburin yana zuwa ne daga wasu nau'o'in sukari da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke babban hanji su ci su suna fitar da iska. Wani kaso na sukarin yana fita a ruwan jiƙo.

Faten wake shi ne inda wake ke haɗuwa da nama a tukunya ɗaya, kuma shi ne abincin da ake yi wa mai jego da mai jinya da wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa. Ba tsokar nama yake so ba. Ya fi karɓar ƙashi mai ɓargo, ko haƙarƙarin rago, ko ƙirjin saniya mai ɗan kitse, domin romon da kitsen su ne ke shiga cikin waken. Ana fara dafa naman da albasa da citta da tafarnuwa da daddawa har ya yi rabin dahuwa, sannan a zuba wake a cikin romon, ko da ɓawonsa ko a surfe. Gishiri da tumatir sai waken ya yi laushi, saboda tsamin tumatir na hana shi nuna da wuri. Daga nan a zuba jajjagen tarugu da tattasai, da manja ko man gyaɗa, a bar shi a ƙaramar wuta har romon ya yi kauri da kansa. Alayyafo ko zogale ko ganyen albasa su ne na ƙarshe, minti biyar kafin a sauke. Idan babu nama, busasshen kifi ya wadatar, kuma akwai masu ganin ya ma fi.

Ɗanwake kuwa abincin hantsi ne. Ana haɗa garin wake da garin rogo, wasu su ƙara na dawa ko fulawa, a zuba garin kuka da ruwan kanwa a kwaɓa har ya yi danƙo. Kuka ce ke riƙe shi kada ya watse a ruwa. Ana gutsura ƙullun da yatsu ana jefawa a tafasasshen ruwa, idan ya taso sama a bar shi ya ƙara kamar minti goma, a tsame a zuba a ruwan sanyi. Ɗanwaken da ake sayarwa a bakin titi a 'yan shekarun nan sau da yawa fulawa ce da kuka kawai, sunan wake ne ya rage masa, kuma tsadar wake ce ta jawo haka. Ƙosai da alale da tubani duk daga wake suke, kowanne da ranarsa, ƙosai dai ba ya rabuwa da buɗa-baki a watan azumi.

Yaji da mai

Kalmar yaji ta ƙunshi abu biyu: zafin da harshe ke ji, da kuma garin da aka daka don barbaɗawa. Na biyun ne ake nufi idan aka ce mai da yaji. Ginshiƙinsa busasshen barkono ne, ƙanana masu zafi, wanda aka cire wa hanci aka ƙara shanyawa har yana karyewa a hannu. Idan da sauran damshi a jikinsa ba zai daku ba, sai ya dunƙule a gindin turmi, kuma ba zai jima a kwalba ba. Ana fara daka barkonon da gishiri, domin gishirin na taimaka wa taɓarya ta ci shi kuma yana rage tashin ƙurar da ke sa atishawa. Sannan a bi da busasshiyar citta da masoro da kanumfari kaɗan da kimba, a daka, a tankaɗe, a mayar da tsakin turmi. Ƙarago ne ke shiga daga baya, shi ne ke sassauta zafin ya ba yajin jiki da gardi. Yajin wake da shinkafa yakan ɗauki ƙarago daidai da barkono ko fiye, na ɗanwake ya fi son zafi, na tsire kuma ƙaragon ne ke rinjaye.

Daga wannan tushe kowane gida ke kama hanyarsa. Akwai yajin tafarnuwa, wanda ake daka ɗanyar tafarnuwa a ciki sannan a sake shanya shi a inuwa. Akwai yajin daddawa, mai duhu da ƙamshi mai nauyi, wanda ake yi wa masu jego. A nan ƙasar Zamfara da Sakkwato suna da abin da ba kowane yanki ke da shi ba, wato daddawar batso da ake yi da 'ya'yan sure, ban da ta kalwa da aka sani ko'ina. Warinta ya fi ƙarfi, wanda bai saba ba yakan ja da baya, wanda ya tashi da ita kuma ba ya jin miya ta cika sai da ita. Dunƙulen ɗanɗano na kanti ya shiga yaji tun shekaru da dama, har ya kusa korar daddawa daga gidajen birni, kuma wannan asara ce, domin daddawa abinci ce mai gina jiki, dunƙulen kuwa yawancinsa gishiri ne.

Man da ya dace da wannan yaji shi ne man gyaɗa na gida. Mata ne ke yin sa: a soya gyaɗa, a murje, a kai inji a markaɗa, a zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya tsatso, abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake mulmulawa a soya ta zama ƙarago. Wato mai da ƙaragon yaji daga tiya ɗaya ta gyaɗa suke fitowa. Ba a zuba man ɗanye a kan abinci. Ana ɗora shi a wuta da yankakkiyar albasa har ta yi ja, ƙamshin ɗanyen mai ya fita, sannan a sauke. Albasar da ta soyu a ciki rabon mai girki ce ko yaron da ya fi kusa da murhu.

Bayan busasshen yaji akwai ɗanyen haɗi, wanda ba ya kwana. Mafi sauƙinsa shi ne a yanka tumatir da albasa da kokwamba ko latas a ɗora a kan abincin. Sai jajjage, wato tarugu da albasa da tattasai da aka daddaka sama-sama a turmi ba tare da sun yi laushi ba, a soya a mai da ɗan gishiri har ruwan ya ƙone. Turmi ya fi injin markaɗe a wannan aiki, saboda inji na mayar da kayan ruwa, a daɗe ana soyawa ɗanɗanon ya gudu. Idan tumatir ya yi tsada, kamar yadda yake yi duk farkon damina, ko kamar 2016 lokacin da tsutsar da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa, sai a koma ga kauɗa, busasshen tumatir da aka yanka aka shanya da rani. Ana jiƙa ta a ruwan ɗumi a wanke ƙasar da ta kama ta kafin a daka. Irin wannan haɗi na ƙarago da yaji da mai da albasa shi ne kuma ake datun hoce da shi, wainar dawar nan da aka san Zamfarawa da ita.

Turmin yaji ba a haɗa shi da wani aiki, kuma a Zamfara wannan ya wuce maganar tsabta. A 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake daka duwatsun zinare a cikin gidaje ana kuma niƙa su da injinan niƙan hatsi, kuma yara fiye da 400 suka rasu.

Abin da ya haɗa Zamfara da Meziko

Barkono da tarugu da tattasai da tumatir da gyaɗa da rogo, babu ɗayansu da aka sani a ƙasar Hausa shekara ɗari shida da suka wuce. Dukansu daga nahiyar Amurka suka fito, jiragen Turawan Fotugal da Sifaniya suka bazo su duniya bayan 1492. Dangin tattasai a ƙasar Meziko aka fara noma su dubban shekaru da suka wuce, a can ne kuma tumatir ya zama abin da aka sani a yau, gyaɗa da rogo da dangin tarugu kuma daga Amurka ta Kudu suke. Kafin zuwansu, zafin miyar Bahaushe daga masoro da kimba da citta yake fitowa, shi ya sa har yanzu suke cikin yaji a matsayin tsofaffin gida.

A yankin Yukatan na kudu maso gabashin Meziko akwai abincin da ake kira frijol con puerco, ma'ana wake da naman alade, wanda al'ada ta ware wa ranar Litinin. Ana dafa baƙin wake da gutsattsarin nama a tukunya ɗaya da albasa da wani ganye mai ƙamshi da suke kira epazote, wanda su ma suke cewa yana rage kumburin ciki. Ana cin sa da shinkafa, wadda sau da yawa ake dafawa da baƙin romon waken, da kuma haɗi iri biyu da ake yi a gida. Na farko, chiltomate, tumatir ne da ake gasawa a wuta har bayansa ya ƙone, a daka shi a turmin dutse da barkonon habanero, wanda jinsinsa ɗaya da tarugu. Na biyu yankakken ɗanyen haɗi ne na albasa da ganyen koriyanda da wani jan tushe mai ɗan yaji, a matsa lemun tsami. Alade dai haramun ne ga Musulmi, ba shi da wuri a tukunyar gidajen Musulmin Zamfara, kuma ko a Meziko baƙo ne, Sifaniyawa suka kai shi. Idan aka cire shi aka sa haƙarƙarin rago, abin da ya rage faten wake ne da jajjage, sai dai waken nasu wani jinsi ne dabam da na nan. Dabarar da ta cancanci aro daga gare su ita ce gasa tumatir da tarugu da albasa a kan garwashi kafin a daka: tana kashe tsamin tumatir, tana kawo ƙamshin hayaƙi, kuma ba ta cin mai.

Tafiyar ba ta bi hanya ɗaya ba. Waken Afirka ya tsallaka teku a zamanin cinikin bayi, har ya isa Yukatan ɗin kanta, inda ake noma shi da sunan xpelón. A kudancin Amurka ana dafa shi da shinkafa a ci ranar sabuwar shekara, a Bahiya ta ƙasar Birazil kuma ana soya ƙosai da manja ana kiransa acarajé, daga akara na Yarbawa. A Ghana, shinkafa da waken da ake sayarwa da safe sunansa waakye, kalmar wake ce ta Hausa da mazauna zango suka kai, kuma da karan dafi suke rina shi.

Ajiya da guba

Babban abokin gabar wake bayan girbi wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne da ke yin ƙwai a jikin kwanso tun a gona. Tsutsarsa na shiga cikin ƙwaya ta ci ta girma, ta fito ta bar rami, kuma cikin kamar wata guda sabon zubi ya sake yin ƙwai. Buhun da aka ajiye ba kariya yakan zama gari da ramuka cikin 'yan watanni. Magabata suna ajiye wake da kwansonsa a rumbu, ko su cakuɗa shi da toka ko yashi mai laushi ko busasshen barkono a tulu su liƙe baki.

Da fatauci ya bunƙasa sai maganin ƙwari ya maye gurbin toka, kuma a nan matsala ta shigo. Wasu 'yan kasuwa na yayyafa wa wake maganin feshin gona kai tsaye, musamman mai sinadarin dichlorvos, wanda aka fi sani da sunan Sniper, wasu kuma su jefa ƙwayar hayaƙi a buhu su ajiye a ɗakin da mutane ke kwana. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya bayan ta yi ta samun wannan sinadari fiye da ƙimar da ta yarda da ita, wato miligiram 0.01 a kowane kilo, kuma a 2016 ta tsawaita haramcin da shekara uku. A ƙarshen 2018 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta ƙasa ta yi gargaɗi bayan an ga hoton bidiyon wasu 'yan kasuwa suna zuba wa wake Sniper. 

Akwai mafita mai araha wadda ba ta buƙatar magani ko kaɗan. Buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka aka kuma fara yaɗa shi a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu. Jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska ma na yin wannan aiki ga mai ajiyar tiya goma ko ashirin, muddin an cika shi fal kuma waken ya bushe sosai. Sharaɗin shi ne kada a riƙa buɗewa, kuma a kiyaye ɓera.

Mai saye a kasuwa yana da hanci da ido. Waken da ke warin magani, ko yake barin maiƙo ko farar ƙura a tafin hannu, a bar shi. Tsohon wake a tsakiyar damina wanda ko rami ɗaya babu a jikinsa ya cancanci a tambayi yadda aka ajiye shi. A gida kuma a shanya shi a rana, a wanke sosai, a yi masa tafasa ɗaya a zubar da ruwan kafin a ɗora dahuwar gaske. Wannan na rage ragowar magani, amma ba ya mayar da waken da aka jiƙa da guba ya zama lafiyayye. Gyaɗa da barkono su ma suna da tasu matsalar: idan aka ajiye su da damshi sukan yi fumfuna mai fitar da gubar da ke lalata hanta, wadda wuta ba ta kashe ta, don haka gyaɗar da ta yi baƙi ko take ɗaci ba ta shiga ƙarago.

Tsada

Abin da ya fi taɓa tukunyar wake a wannan yanki cikin shekaru goma da suka wuce shi ne rashin tsaro. Wake ba a girbe shi rana ɗaya kamar gero. Ana roronsa ne sau biyu ko uku yayin da kwanson ke bushewa, kuma mata da yara ne suka fi yin aikin, don haka gonar da ke nesa da gari ta zama wurin da ake shiga da fargaba. A ƙauyuka da dama na Tsafe da Bungudu da kudancin Gusau, 'yan bindiga sun sha ɗora wa manoma haraji kafin su bari a yi shuka ko a kwashe amfani, wasu gonakin kuma an bar su sun koma daji. A Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni, matakin da aka ɗauka don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya amma ya tsayar da cinikin hatsi tare da shi.

Cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 ya ƙara kuɗin dako da na niƙa a kan wannan. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna matsakaicin farashin kilo ɗaya na jan wake a Najeriya ya tashi daga kimanin Naira 650 a Yunin 2023 zuwa kusan Naira 2,300 a Yunin 2024. A irin wannan lokaci ma'aunin gwangwani ɗaya ga biyu yakan koma ɗaya ga huɗu, har a riƙa tsokanar mai abinci cewa sai an sa tabarau kafin a ga waken. Masu ƙosai sukan rage girman cokali, masu ɗanwake su ƙara fulawa, gidaje da yawa kuma su juya ga waken suya, wanda ake yin awara da shi. Farashin yakan sauko da kaka idan sabon wake ya shigo kasuwa, ya sake hawa daga watan Mayu zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma manomi ke neman iri.